Shayi a Cikin Kwalaben Dakta

Ranar da aka gano cewa shayi ne a cikin kwalaben Dakta, ina zaune a ɗakin masu gadi ina kallon bango. Ba wani abin kallo ba ne a bangon. Tun da mai ɗakina ta rasu a ƙarshen damina, haka nake yi idan babu aiki, in kafa wa wuri ɗaya ido har sai wani ya kira ni.

Wayar tebur ta yi ƙara. Shugaban cibiya ne, ya ce in zo yanzu-yanzu.

Ni dai ba ɗan sanda ba ne. A gandun daji na yi ƙuruciyata ina bin sawun masu farautar sata, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Da na ajiye wancan aikin sai wannan cibiya ta binciken tsirrai ta ɗauke ni shugaban masu gadi. Kowa Mai-sawu yake kira na, har 'yata Auta idan tsiyarta ta motsa. Ita ma a nan take aiki, a ɗakin gwajin Dakta, ɗaya daga cikin masu bincikenmu, ita ce mai awo da ɗiga magunguna da wanke kwalabe.

Na tarar da Shugaba a tsaye, Dakta kuma a zaune ta haɗa hannuwa a kan cinya kamar wadda ta zo ganin likita.

"Mai-sawu, mun shiga uku," in ji Shugaba. "Ka san ganyen nan da Dakta ta ƙare rayuwarta a kansa?"

Wa bai sani ba? Sunansa na boko ya fi ƙarfin bakina. A cibiya Ganyen Kaka muke ce masa, domin a wurin kakarta Dakta ta samo irinsa, tsohuwar da ke jiƙa shi ta ba masu ciwon ciki da masu gyambo. Shekaru Dakta ta yi tana dafa shi, tana tacewa, tana daskarar da ruwan a firiza cikin ƙananan kwalabe, tana neman sanin sinadaran da ke cikinsa.

"Mun aika wasu kwalabe wani babban ɗakin gwaji don su tabbatar da sakamakonta," in ji Shugaba. "Na'urarsu ta ce ba ruwan ganye ba ne. Shayi ne. Shayin da kake sha, nake sha."

Na kalli Dakta. Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Kwamiti zai zauna ƙarshen mako. Idan ba a samu wanda ya yi wannan aika-aika ba, to ita ce ta yi. Za a rubuta cewa ta ƙirƙiri sakamakon ƙarya, a kore ta, kuma babu ɗakin gwajin da zai sake buɗe mata ƙofa a duniya. Ka nemo mini mutumin nan."

"Ranka ya daɗe, siminti ba ya riƙe sawu."

"To ka bi abin da yake riƙewa."

Na ce to. Ban ji tausayinta ba, ban ji haushin kowa ba. A lokacin ko wuta aka ce ta kama cibiyar, to ɗin zan ce.

*

Kafin in sauko daga bene, cibiya ta riga ta yanke hukunci. Mai-shara ce. Ita ke dafa wa ma'aikata shayi, ita ke da makullin kowane ɗaki, kuma ba ta da wanda zai tsaya mata. Mutanen da suka saba cewa "Inna, a ƙara mini sukari" yanzu sai su ga ta taho su ja jakunkunansu kusa.

Na same ta a ɗan ɗakin girki tana goge butar shayi kamar butar ce ta yi mata laifi.

"Ka zo kama ni ne, Mai-sawu? Bismilla, ga hannuwan."

"Tambaya na zo yi."

"Tambayi. Yau ko kofi ɗaya ba a sha mini ba. Wai ni! Ni da ko firizar nan ban taɓa buɗewa ba, sanyinta yana tayar mini da ciwon haƙori."

"Yaya kike dafa shayinki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da kake shanye mini rabin buta kullum kake tambaya? Madara da sukari tun a kan wuta. Mutanen nan idan ka bar musu gwangwanin madara a hannu, kafin azahar sai dai ka ga ƙasansa."

An gaya mini na'urar ba ta ga madara ko sukari ba. Baƙin shayi ne, an tace shi tas. Na tambaye ta ko tana iya karanta lambobin da ke jikin kwalaben. Ta ce ita ko lambar wayarta jikarta ce ke karanta mata.

Da zan fita sai ta sassauta murya. "Kana cin abinci kuwa? Ka rame, wallahi."

"Ina ci," na ce.

*

Ɗakin gwajin Dakta yana warin sabulu da wani abu mai kama da fenti. Auta na can ƙarshen tebur cikin farar riga, tana jera bututan gilashi. Ta ce, "Sannu, Baba," ba tare da ta ɗago ba. Haka muke tun rasuwar, gaisuwa kawai, a gida da wurin aiki.

"Dakta, ki yi mini bayani kamar kina yi wa ɗan aji ɗaya," na ce. "Yaya aka yi mai ilimi irinki ta yi ta gwada shayi ba ta gane ba?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ɗauko tuffa daga jakarta ta yanka gida biyu, ta ajiye a gabana.

"Ka bar wannan a iska, me zai faru?"

"Zai yi duhu."

"Iskar da muke shaƙa ce ke cin sa, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. A jikin mutum ma irin haka na faruwa, a hankali. To akwai sinadarai a wasu ganyaye da ke tare wannan cin. Su ne yawanci masu sa ɗaci da bauri a harshe. Ganyen Kaka cike yake da su. Auta, kawo ruwan shunayya."

Auta ta kawo wani bututu mai ruwa shunayya sosai. Dakta ta ɗiga masa ruwan ganyen, ta girgiza. Muna kallo launin ya fara kwancewa, ya dusashe, har ya koma rawaya.

"Ka gani? Ruwan shunayyar nan kamar mai cin ne. Idan abin da ka ɗiga yana da ƙarfin tare shi, sai launin ya juya. Iya saurin juyawar, iya ƙarfin ganyen."

"Shayi fa?"

"Shi ma yana da irin waɗannan sinadaran, da yawa ma. Kalarsu ɗaya da ruwan ganyen, kuma yana juya shunayya. Da ruwa mai kala aka zuba mini, ranar farko zan gane. Sai babbar na'ura ce ta ga sinadarin nan na shayi mai hana barci, wanda ganyena ba shi da shi."

Na sa ta buɗe firizar. Hayaƙin sanyi ya fito. Kwalabe ne jere a hawa-hawa, kowace da lamba.

"Duka aka taɓa?"

"A'a. Na hawan sama ne kawai, waɗanda aka dafa da ruwa zalla. Na ƙasa da wani sinadari mai guba muke tatso su, ba a taɓa ko ɗaya ba."

"Idan mutum ya sha na ƙasan?"

"Zai makance, ko ya mutu."

"Na saman fa, duka shayi ne?"

"Na lokacin damina ne. Tun da sakamakon ya iso na bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda yanzu na san abin da nake nema. Duk abin da muka dafa bayan ɗaukewar ruwa lafiyarsa lau."

"Wato ɓarawon ya daina."

"Ya daina," in ji ta.

A bayana na ji wani bututu ya ƙwanƙwasi ɗan'uwansa. Ban waiwaya ba. Tuffar da ke kan tebur ta riga ta fara yin duhu.

*

Wani mai gadi ya tsegunta mini cewa ya sha ganin Mai-janareta yana fitowa daga lambun Dakta da aljihu a kumbure. Shi ne kuma ke shiga ɗakin firiza duk lokacin da wuta ta ɗauke. Na same shi a ƙarƙashin injinsa, ƙafafu kawai ake gani.

"Fito."

Ya fito yana goge baƙin mai a wando. Da na ambaci lambu sai idanunsa suka raina fata.

"Don Allah, Baba, ka rufa mini asiri. Ganye ne kawai, ɗan tsinke-tsinke. Ban taɓa kwalba ba."

"Me kake yi da shi?"

Ya ja ni bayan ɗakin injin, inda yake ajiye babur ɗinsa. Salansar ta yi kore-kore, ga busasshen ganye ya manne mata.

"Ranar da baƙi suka zo, da kunnena na ji Dakta ta ce ganyen nan yana hana tsatsa. Na ce to ai ni ne mai bukata. Kullum sai na daka na shafa."

"Ya hana?"

"Ina fa! Sai ma ƙudaje da yake tara mini."

Da can da na yi dariya har na riƙe ciki, in koma gida in ba mai ɗakina labari ta ƙara nata gishirin. Yanzu tsayawa kawai na yi ina kallon salansar. Na ce masa ya wanke babur ɗinsa, kuma ya bar lambun mutane.

*

Saura Dogo. Shi ma mai bincike ne, ofishinsa na kallon na Dakta, kuma kowa ya san ba sa ga maciji. A taro idan ta ce fari, kafin ta rufe baki ya ce baƙi.

"Na san za ka zo," ya ce, ya tura mini kujera da ƙafa. "An ce ni ne, ko? Wai ina baƙin ciki da ita."

"Ba ka yi?"

"Ina yi mana. Ta fi ni sa'a, kuma ba ta iya gaisuwa ba. Amma ka yi tunani, Mai-sawu. Da ina son in kashe mata aiki, sai in zare wayar firizar ranar hutu in tafi gida. Kafin a dawo komai ya ruɓe, a ce laifin wuta ne. Me zai kai ni narkar da kwalba, in juye, in tace shayi, in auna daidai, in mayar? Wannan ai hidima ce."

"To wa zai yi hidimar?"

"Wanda ke son ruwan ganyen, amma ba ya son gwajinta ya faɗi. Ya zaɓi abin da zai juya shunayya don kada ta shiga damuwa. Ka nemi wanda ya san aikin kuma yake ƙaunarta. Ni rabi kawai na cika."

Mutumin ba shi da daɗin zama, amma gaskiya ya faɗa. Na tashi na bar shi yana juya biro.

*

Na gaji da bakunan mutane, sai na koma ga ƙasa.

Wanda zai tace shayi ba zai yi a ɗakin gwaji ba, inda ake shiga da fita. Ɗakin yana da ƙofar baya da ke fita lambu, can ƙarshen lambun kuma akwai wani famfo a bayan tankin ruwa, inda ba a hango mutum daga kowace taga. Tun da damina ta wuce babu mai zuwa wurin, kuma laka idan ta bushe tana riƙe abin da aka rubuta mata.

A kan hanyar famfon na ga sawun mai lambu, na ga na Mai-janareta da hanzarinsa na marar gaskiya, na ga na kyanwa. Ban ga na wanda nake nema ba. Sai na duba bulon da aka jera a gefen kunya. Gansakukar da ke kansu ta murje a tsakiya, bulo ɗaya a taka, ɗaya a tsallake. Inda bulo ya ƙare, an bi ta kan tushen ciyawa, ba a taɓa taka ƙasa tsirara ba.

Wannan ba tafiyar mai sauri ba ce. Tafiyar wanda aka koya wa ɓoye sawu ce. A rayuwata mutum ɗaya na koya wa haka, tana 'yar ƙarama, a tsakar gida, ta ɓuya ni kuma in neme ta, uwarta na daga bakin murhu tana cewa zan mayar mata da 'ya ɓarauniya. Ta iya komai, abu ɗaya ne ya gagare ta: ba ta iya tafiya ba tare da ta waiwaya ta ga ko ina biye ba. Duk inda ta waiwaya sai diddigenta ya murɗa ƙasa.

A gindin famfon, a cikin busasshiyar laka, ga murɗin diddige nan, ƙarami, na ƙafar hagu.

Na ce wa kaina mutane da yawa suna waiwaye. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na tona inda ruwan famfo ke gangarawa. Ga busasshen ganyen shayi ya cakuɗe da ƙasa. A cikinsa akwai kanumfari. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya na zuba a tafin hannu.

Babu ko ɗaya mai kai. An cire wa kowanne ɗan ƙwallon da ke samansa.

Mai ɗakina ce ke yin haka. Ta ce kan ne ke sa shayi ɗaci. Tsawon zamanmu ina yi mata tsiya a kan wannan, ina cewa ita kaɗai ce a duniya ke yi wa kanumfari aski.

Na daɗe a durƙushe. Ina jira in ji wani abu ya taso mini, fushi ko kuka ko ma tashin zuciya. Babu abin da ya zo. Na zuba su a aljihun riga na koma ɗakin masu gadi.

*

Da yamma a gida Auta ta ajiye mini abinci ta zauna can nesa tana tsintar shinkafar gobe. Daga inda nake ina hango saman kantar ɗakin, inda wata kwalba mai ruwan ƙasa ta taɓa zama duk tsawon damina. Auta ta ce mana sabon magani ne daga asibiti. Cokali ɗaya safe, ɗaya yamma. Sau da yawa ni ke tallafe kan uwar, Auta ta ba ta. Uwar ta yamutsa fuska ta haɗiye ta ce, "Wannan kam yana aiki, ina jin sa har ƙafata."

"Baba, ba ka ci ba."

"Gobe da safe Shugaba zai tara kowa a ɗakin gwaji," na ce.

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. "Ka samu sawun?"

"Na samu."

Ta ci gaba da tsinta. Ni ma na ɗauki cokali. Na san idan na yi shiru gobe, babu wanda zai taɓa zuwa bayan tankin nan, kuma Dakta za ta kwashe kayanta a kwali ta fita da sunan maƙaryaciya. Na juya maganar a raina har abincin ya huce, ba ta canza ba.

*

Aka taru. Shugaba a bakin ƙofa, Dakta kusa da firizarta, Dogo ya jingina da bango, Mai-janareta yana ta murza hula, Mai-shara riƙe da tsintsiya kamar za ta kare kanta da ita. Auta na wurinta na kullum, ƙarshen tebur.

"Ba Inna ba ce," na fara. "Ita shayinta da madara yake tafasa, kuma ba ta san kwalbar sama da ta ƙasa ba."

"Ku ji fa!" in ji Mai-shara. "Sai a zo a sha shayi yanzu, munafukai."

"Ba Mai-janareta ba ne. Shi ganye ya sata, kuma babur ɗinsa ya riga ya hukunta shi. Ba Dogo ba ne, shi ƙiyayyarsa ba ta da haƙurin wannan aiki."

"Na gode da yabo," in ji Dogo.

"Wanda ya yi ya san shayi yana juya shunayya. Ya bar kwalaben guba ya ɗauki waɗanda ake iya sha, don haka ba sayarwa zai yi ba, ba ɓarna zai yi ba, wani zai ba ya sha. Ya yi ta ɗauka duk damina, da ruwa ya ɗauke sai ya daina. Mai ba mara lafiya magani ba ya dainawa sai in mara lafiyan ya warke."

Na tsaya. Muryata ce nake ji, amma kamar daga rediyon maƙwabci.

"Ko kuma in ya mutu," na ƙarasa.

 Na ga Mai-shara ta sa hannu a baki. Na ciro kanumfarin daga aljihu na zuba a kan farin tebur, suka gangara suka tsaya kusa da bututan gilashi.

"A bayan tanki na tono waɗannan. Ranka ya daɗe, a gidana aka dafa shayin nan."

Shugaba ya buɗe baki, amma Auta ta riga shi.

"Ni ce," ta ce. Ta cire safar hannunta ta ajiye a kan tebur, ɗaya a kan ɗaya. "Baba bai sani ba. Ni ce, Dakta."

Dakta ta juyo ta fuskance ta. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce.

"Auta, ke fa kin fi kowa sani. Sau nawa na gaya miki? A cikin bututu ne yake wannan aikin. Ban taɓa cewa yana warkar da ciwon daji ba. Ban taɓa cewa yana warkar da komai ba."

"Na sani."

"To don me?"

"Likitoci sun ce mu kai ta gida mu yi ta addu'a. Ni kuma kullum ina nan ina ɗiga shi, ina gani da idona yana cinye shunayyar nan cikin ƙiftawar ido. In koma gida in tarar abu yana cin Mama. Na san bututu daban, mutum daban, ni na rubuta miki hakan a rahoto. Amma hannuna ne ke ɗiga shi, Dakta. Na kasa ɗiga wa gilashi in hana ta."

"Da kin roƙe ni ganyen. Lambu ne guda."

"Da kin ce mini ba zai yi aiki ba. Kuma da na yarda da ke."

Dakta ta juya ta dafa murfin firizar da hannu biyu. Aikin damina guda ya tafi, sai ta sake shi daga farko, amma sunanta ya dawo mata. Ba ta yi kama da wadda aka mayar wa wani abu ba.

Shugaba ya yi gyaran murya. Ya ce ba za a kira 'yan sanda ba, albarkacina. Amma ta ajiye makulli da katin shiga yau, kuma bisa ƙa'ida shugaban masu gadi ne zai raka ta bakin ƙofa. Sai da ya faɗa sannan ya tuna wane ne shugaban masu gadin. Ya ce ko a sa wani.

"Aikina ne," na ce.

*

Muka taka har bakin ƙofa. Rana ta take. Ta miƙo mini makullin da katin, na karɓa na sa a aljihun da kanumfarin ya kwana.

"Murɗin diddige ne, ko?" ta ce.

"Har yanzu kina waiwaye."

Ta ɗan yi wani abu da baki, ba murmushi ba ne sosai.

"Uwarki ta sani?"

"A'a. Ce mata na yi shayin cibiya yana ɓata mini ciki, ina son nata, ba madara ba sukari. Kullum sai ta cika mini fulas." Ta kalli titi. "Har ranar da ta kasa tsayuwa, Baba. Na ce ta bari, ta ce in kawo mata risho bakin gado. A zaune ta dafa, tana cire kawunan nan da farce. Ban taɓa shan ko kurɓi ɗaya ba."

Ta tsallaka titi. A tsakiyar hanya ta waiwaya, ta ga ina nan tsaye, sannan ta wuce.

*

Da na koma ɗakin gwajin kowa ya watse. Dakta ta fito da kwalaben hawan sama ta jera su a cikin kwandon wanki, za ta zubar.

"Dakta, wacce ce ta ƙarshe? Ta ƙarshen damina."

Ta duba lambobin, ta zaro ɗaya. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta sa mini a hannu.

Na tafi da ita ɗakin masu gadi na zauna a kujerata. 'Yar kwalba ce, ba ta fi babban yatsana ba, abin da ke ciki ya daskare kamar dutse. Na dunƙule hannu a kanta. Sanyin ya ci tafina har na daina jin yatsuna, ban saki ba. A hankali na ji abu ya fara motsi a ciki.

Na buɗe murfin na kai hanci. Ƙamshin ya yi rauni, amma yana nan.

Na kurɓa. Babu ɗaci ko kaɗan. Tana da gaskiya a kan kawunan nan, ni kuwa shekara da shekaru ina yi mata dariya.

Wani mai gadi ya turo ƙofa zai karɓi makullin baya. Ya kalli fuskata, ya ja ƙofar a hankali ya rufe.